Fuska Biyu a Teburin Marigayi

Auta,

Sallama a gare ka, da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka. Ya aiki, ya zafin wurin? Mu nan da sauƙi. Gwiwar Inna ta sake kumbura, amma tana takawa har tsakar gida. 'Yata Takwara ta yi tari, ya lafa. Haƙorinta na gaba ya fita, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Ni ma ina nan, wata rana da dama, wata rana sai haƙuri.

Na nemi wayarka har na gaji. An ce inda kamfaninku ya kai ku haƙar ma'adinai babu sabis sai an hau dutse, shi ya sa na ba direban motar da ke kai muku kayan abinci wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san kantin labule da zanen gado da yayanka yake yi wa aiki daga gida. Suna turo masa hotunan kaya, shi kuma ya sa kowane a shafinsa, ya rubuta launi da tsawo da irin yadin, don masu saye ta waya su gani. Madam ɗin da ke kula da sashensu ta zo mini gaisuwa. Muna hira na gaya mata ni ce nake zama kusa da shi ina faɗa masa launi, don shi, Allah ya jiƙansa, ruwan toka da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a idonsa. Ta ce ko zan iya aikin? Na ce zan gwada. Sun ba ni kwamfutarsu, wata baƙa mai nauyi, sun ce su ga hannuna zuwa ƙarshen watan gobe. In na iya, aikin ya zama nawa.

To aikin na iya shi, Auta, amma fuskar baƙar nan ƙarama ce. In na buɗe hoto sai ya rufe shafin, in na koma shafin sai hoton ya ɓace, kafin in rubuta na manta ko ratsin a tsaye yake ko a kwance. Yayanka ba haka yake yi ba. Hoto yana wannan fuska, shafi yana waccan, idonsa kawai yake juyawa. Manyan fuskokin nan biyu suna nan a kan teburinsa, na lulluɓe su da tsohon mayafi, babu mai kunna su.

Ranar da za ka koma na ga ka sa farar kwamfutarsa a jakarka, har da ɗan akwatin nan mai ramuka wanda duk kebul ɗin suke shiga cikinsa. Ban yi magana ba, gida cike yake da mutane. Ba farar nake nema ba, kai ka saya masa, ka fi ni iko da ita. Ɗan akwatin kawai nake roƙo, ka ba direba ya kawo mini, ka rubuto yadda ake jonawa.

Ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Kai ne mai fuska biyu tun asali, a wurinka yayanka ya koya. Kafin ka sa masa hannu, da fuska ɗaya na san shi.

Ka gaida matarka. Takwara ta ce a ce wa Baba Ƙarami haƙorin yana nan ta ajiye masa.

Matar yayanka

*

Maman Takwara,

Na samu takardarki. Muna lafiya. A ce wa Inna ta daina zama a kan tabarma, ta hau kujera, kuma ta sha maganin da na bari, ba wanda maƙwabta suke kawo mata ba.

Na karanta abin da kika rubuta, na sake karantawa, na ba matata ita ma ta karanta, don kada a ce ni ne na juya magana. Abin da na gani shi ta gani.

Sunan abin nan monita. Wanda bai iya cewa monita ba yana cewa allo. Ke kaɗai a duniya kike ce masa fuska, kuma kin yi ta jan kalmar tun daga sama don ki samu inda za ki sauke ta a kaina. Na san ki da sa magana a cikin magana tun ina ɗan makaranta kina zuba mini abinci. A da wasa ne tsakanin matar wa da ƙanin miji, ina ramawa, a yi dariya. Yanzu babu wanda zai yi dariyar. Ni kin kira ni munafuki, na ji, na shanye. Amma Yaya? Mutumin da ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba, shi ma kin ce ya koyi fuska biyu?

Maganar na sa kaya a jaka. Eh, na sa. Na shiga ɗakin na tarar an ɗora kofin shayi a kan farar, yaran masu gaisuwa suna jan kebul kamar igiyar shanya. Da na bar ta da yanzu sai labari. In kina ganin sata na yi, ki faɗa a fili, ba sai kin zagaya ba.

Akwatin kuwa ba zai yi miki amfani ba. Na farar ne. Farar da baƙar ba jinsi ɗaya ba ne, ba su jin yaren juna. Baƙar da aka ba ki irin wadda ofisoshi suke kwasowa ne su raba wa kowa. Tana zafi, fankarta tana gurnani kamar tsohon janareta, kullum tana neman a kashe a sake kunnawa. Farar kuwa buɗewa kawai ake yi ta kama aiki. Shi ya sa na raba Yaya da tsohuwar baƙarsa.

Shawarata, ki mayar musu da kayansu tun kafin su karɓa da kansu. Faɗin launin labule daban, aikin kwamfuta daban. Yaya ma sai da ya sha wuya kafin hannunsa ya faɗa.

A shafa mini kan Takwara.

Ƙanin marigayi

*

Injiniya,

Tunda na ga Matar Yaya ta tashi daga aiki an koma Maman Takwara, ni ma bari in kira ka da sunan da baƙi suke kiranka. Ina gaisuwa. Inna ta ji saƙonka, ta ce kujerar tana sa mata ciwon baya, tabarmarta ta fi mata. Takwara lafiya lau. Ni kaina ne yake ciwo tun da na karanta takardarka.

Ba ni na sa musu suna fuska ba. Yayanka ne. Ya ce allo na makaranta ne, monita kuma ɗan ajin nan ne mai rubuta sunan masu surutu, shi ba zai zauna gaban monita har biyu da girmansa ba. Da safe in ya ɗauki tsumma sai ya ce bari in wanke wa fuskokina ido. Takwara ma fuska take cewa. Da kana zama da mu fiye da kwana ɗaya in ka zo, da ka ji. Kai kana shigowa ne ka jona kebul, ka yi mana lacca, ka duba agogo.

Wallahi ban nufe ka da komai ba. Yabonka na yi. Na zauna ina neman kalmar da za ta faranta maka don ka tausaya ka aiko da abin, ashe rami na haƙa wa kaina. Kuma har ka ba matarka ta karanta. Takardar da na rubuta hawaye yana ɗiga a kanta, ita kuka baza a gaba ku biyu kuna neman zagi a ciki kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai kuma ka ce na zagi mijina. Ni da na riƙe kansa a cinyata a cikin mota har asibiti. Kai a lokacin kana kan dutse kana neman sabis.

Tunda ka kawo maganar fara da baƙa, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Yayanka bai taɓa son farar nan ba. Yana cewa ita kamar baƙon da ba ya cin abincin gidan kowa ce, sai wanda ya zo da shi. Kebul ɗinta daban, cajarta daban, komai sai an nemo nata. Tsohuwar baƙarsa kuwa kowane mai gyara yana buɗe ta, kowane kebul tana karɓa, fuska ma kai tsaye ake jona mata ba sai da wani akwati ba. Ranar da farar ta ƙi buɗe wani abu da kanti suka turo, yini ya yi yana tsaki. Na ce ka gaya wa Auta mana. Ya ce a'a, yaron ya yi don ya burge ni, kada in kashe masa gwiwa.

Ka ce akwatin ba zai yi ba. To ka aiko shi in gani da idona. In bai yi ba, direban da ya kawo shi zai mayar maka, ko ƙura ba zan bari ta hau shi ba. Kayansu kuma ba zan mayar ba. Ba ka taɓa ganin hannuna a kan aikin ba, don haka ka bar yanke mini hukunci daga nesa.

Maman Takwara, kamar yadda ka ce

*

Injiniya,

Ina gaisuwa, ko da ba a amsawa. Inna da sauƙi. Takwara ta faɗi a makaranta ta ƙuje gwiwa, ba wani abu ba ne. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na tambaye shi, ya ce shi dai ba a ba shi saƙo ba.

Na yi kuskure a aiki. Labule biyu masu zane iri ɗaya, ɗaya ruwan goro ɗaya makuba, na musanya musu shafi, saboda ina rufe wannan ina buɗe wancan. Wata mata ta saya, aka kai mata wanda ba shi ta zaɓa ba, ta dawo da shi da faɗa. Madam ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi mini. Ta ce ta san halin da nake ciki, amma su ma akwai na sama da su, kuma aikina yana tafiya a hankali.

Da na ga shirunka sai na ɗauki baƙar a cikin jakar kasuwa na kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya ce ba zai taɓa cikinta ba tunda akwai tambarin kanti a jiki, amma ya duba gefenta ya ba ni wani kebul mai faɗin kai. Na dawo na yaye mayafin, na laluba bayan fuskar hagu har na samu ramin da ya yi daidai. Ta kawo haske. Tun ranar da aka fita da shi ba ta haska ba. Na zauna a kujerarsa na yi kuka mai isata.

Da na share ido sai na ga abin da ke ƙaramar shi ne a babbar. In na buɗe hoto, hoto ne a duka biyun. In na koma shafi, shafi ne a duka biyun. Kamar na sayi madubi. Na cire na mayar, na kashe na kunna, haka dai. Na san akwatin nan ne yake raba musu aiki, kuma yana hannunka.

Jiya ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa sai magana ta suɓuce mata. Ta ce in kwantar da hankalina, ai an riga an gama magana da Kawu. In aikin bai tsaya ba zuwa ƙarshen wata, ni in koma gidan mahaifina, Takwara kuma a kai ta wurinka kai da matarka, ku sa ta a makarantar kamfani. Ta ɗauka na sani. Ta ce ai Auta ne ya kawo shawarar tun ranar da zai tafi.

Tun ranar da za ka tafi. Wato da hannu ɗaya kana shafa kan yarinyar kana ce mini in yi haƙuri, da ɗaya hannun kana zuge jaka. Yanzu na gane abin da ya sa ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba ya gagari mota ɗauka. Jira kake wata ya ƙare.

Ita kaɗai ya bar mini. Ba ni da gona, ba ni da shago, ba ni da takardar makaranta. In aikin nan ya tsaya, babu mai bakin cewa ba zan iya riƙe ta ba, kuma kai ma ka san haka.

A takardar farko ban nufe ka da komai ba. A wannan kuwa ina nufinka, kuma ka ba matarka ta karanta.

Uwar yarinyar

*

Maman Takwara,

Muna lafiya, sai dai matata ta yi zazzaɓi, ta warke. A wanke wa Takwara ciwon da ruwan gishiri, kada a bar ƙuda.

Takardunki biyu tare suka iso. Ruwa ya cinye gadar da ke hanyarmu, motar tana tsayawa a sansanin ƙasa, direban kuma ya bar su a aljihun mota har aka gyara. Ki tambaye shi. Ban yi shiru don wata ya ƙare ba, ko da yake na san ba za ki yarda ba.

Maganar Takwara, ba zan musa ba. Ni na kawo ta, kuma ban ji kunya ba. 'Yar yayana ce, jinina ce. Gidan mahaifinki na san shi, ɗaki nawa ne, mutum nawa ne, makaranta kuma sai an tsallaka babban titi. A nan akwai makaranta a cikin shinge, akwai asibiti. Ban ce a ƙwace ta ba, na ce in abin bai yiwu ba. Laifina ɗaya, na bar Inna da riƙe magana.

Abin da kika ce Yaya ya faɗa a kan farar, ban yarda ba. Ranar da na kawo masa ita har rungume ni ya yi. Kin nemi inda zai yi mini zafi ne, kin kuma samu. Kuma ki sani, baƙa tana karɓar kowane kebul ne kamar yadda take karɓar kowace cuta. Farar ba ta buɗe ƙofa ga kowa, shi ya sa take daɗewa.

Ga ta nan a gabana tun da na dawo, na kasa buɗe ta. Tana neman kalmar sirri. Na gwada sunan Takwara, wanda shi ne na Inna, na gwada naki, har nawa na gwada. Ta fara sa ni jira kafin in sake, na tsorata na bari. Akwai hotunanmu a ciki tun muna yara, shi ya ɗauke su daga tsohon album kafin ruwa ya lalata shi. Babu su a ko'ina kuma. Na san kin san kalmar. Ki rubuto mini ita, ni kuma in aiko miki da akwatin, tunda kin ɗauke shi kamar laya.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a duk takardunki shi ne wannan maganar madubin. Kina ta kuka a kan akwati, kina zagina, alhali akwatin ba shi da hannu a ciki. Farar ce take buƙatarsa don ta ɗauki monita biyu, ramukanta kaɗan ne. Ke kin riga kin jona, aikin ya ƙare. Mai gyaran nan naki da ya san aikinsa da ya gaya miki tun a shago. A layin ƙasa na maɓallan akwai wani mai hoton taga. A danne shi, kada a saki, a taɓa harafin P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe. Ke kina kan na biyu, shi ne madubin. Na uku ake so. Babbar za ta zama fili babu komai, ba lalacewa ta yi ba. A kama kan hoton da linzami, wato maus, a ja shi gefe har ya tsallaka. Abin da yaran ofis suke yi ido a rufe ke nan.

Ban rubuta wannan don in taimake ki ba. Na kasa jure jin ana wulaƙanta monita mai kyau ne, ni na zaɓo su da hannuna. Kuma raba allo ba shi ne iya aiki ba. Maganata tana nan yadda take.

Ina jiran kalmar.

Ƙanin marigayi

*

Injiniya,

Gaisuwa, da yi wa matarka sannu da jiki. Ciwon Takwara ya bushe. Inna ta hau kujerar da kanta, amma ta ce kada a gaya maka. Na tambayi direba, ya ce haka ne, gadar ta karye, ya ba ni haƙuri. Wannan ɗaya na janye. Sauran suna nan.

Takardarka ta zo da rana. Na bari sai washegari da na raka Takwara makaranta na dawo, don kada ta gan ni in abin ya ƙi. Na samu mai hoton tagar, na danne, na taɓa harafin. Rubutun da ya fito ban iya karanta shi duka ba, sai na ƙirga da yatsa na taɓa na uku. Babbar ta share komai. Da ba ka faɗa ba da na ce na kashe ta. Na kama hoton wani zanen gado mai furanni na ja shi hagu, inda babbar take, ya ƙi wucewa, kamar ya ci karo da bango. Na ja dama don haushi, sai ga shi ya ɓullo ta can ƙarshen babbar. Har yanzu haka take yi, in ina son zuwa hagu sai in tafi dama. Na saba.

Furannin nan, Injiniya. A ƙaramar na ɗauka ja ne. A babbar na ga ashe ruwan hoda ne da ɗigon ja a tsakiya. Na rubuta shi daidai ina kallonsa, ban rufe komai ba. A ranar na gama abin da nake kwana biyu ban gama ba.

Madam ta kira ni ranar da wata ya cika. Ta ce na sama sun duba, sun ce in ci gaba. Ta ce wadda ta dawo da labule ma ta sake saye. Na yi godiya na ajiye waya, na je ɗakin Inna, na tarar Kawu ya zo duba ta. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya musu a gaban juna. Kawu ya ce to ai sharaɗin ke nan, yarinya tana wurin uwarta. Inna ta ce ita da ma ba ta so a raba ta da takwararta, kunyarka ta ji. Don haka ba ni kaɗai na faɗa ba. Takwara ba ta zuwa ko'ina.

Na san ba don ni ka yi ba, ka faɗa da bakinka. Tun kana yaro ba ka iya ganin abu a karkace ka wuce, ko murfin tukunya ne sai ka gyara ka yi bayani. Yayanka yana cewa in ana son sirrin Auta, a yi kuskure a gabansa. Duk da haka na gode.

Abin da na faɗa a kan farar gaskiya ne, ba zan canza ba. Amma ban faɗa maka duka ba. Bai taɓa barin kowa ya ɗauke ta ba, har ni. In baƙo ya zo sai ya juya ta yadda za a gani, ya ce ƙanina ne ya saya mini.

Akwatinka ka riƙe, ba na ciniki da kai. Kalmar na san ta. Ba zan rubuta ta a takardar da za ta kwana a aljihun mota, a kuma karanta ta mutum biyu ba. Magana ce tsakanina da shi, ba ta yi kama da abin da ka gwada ba. In kana son hotunan ka zo da farar, in buɗe maka da hannuna, ka juya baya. Sai ka kwashe abin da yake naka, ka cire kalmar ka sa taka.

Maman Takwara

*

Maman Takwara,

Muna lafiya. Kawu ya aiko mini da saƙo, na ji. Ba ni da abin cewa tunda manya sun yi magana. Maganar makaranta kuwa zan sake tayar da ita in ta gama firamare, ki sani tun yanzu.

Ba a sabawa da kuskure. Baƙar ta ɗauka monitan yana damanta ne. Ko ki shiga wurin saitin allo ki ja hotonsa zuwa hagu, ko ki ɗaga shi ki mayar dama, tunda na san ba za ki nemo saitin ba.

Na ba direba wani kebul mai siririn kai. Akwai ƙaramin rami a ɗaya gefen baƙar, in an yi sa'a zai ɗauki monita na biyun. Zunubi ne a bar shi a rufe da mayafi.

Hutu ba a hannuna yake ba, ban san ranar da za a ba ni ba. Takwara lamba nawa take sawa a takalmi yanzu? Na ga wasu a kantin kamfani.

Ƙanin marigayi

*

Auta,

Muna lafiya, Inna tana gaishe ka.

Fuskar hagu ba zan ɗaga ta ba, inda ya ajiye ta nan za ta zauna. Kebul ya iso, na sa shi a aljihun tebur. Biyu sun ishe ni aiki. Ta ukun ban shirya ganin haskenta ba tukuna.

Lambar takalmi ban sani ba. Ƙafar tana girma kullum, wanda na saya mata kwanan baya har ya fara matse ta. In na rubuto lamba, kafin motarku ta je ta dawo ta wuce ta. Ka zo ka auna da kanka.

Matar yayanka